Kafin Ka Sayi Allo Na Biyu, Fara Tunanin Wutar Da Za Ka Ba Shi



Tun da muka yi bayanin yadda ake haɗa ƙananan kwamfutoci su yi aiki tare kamar guda ɗaya, saƙonni suke ta shigowa, kuma kusan duk tambayar iri ɗaya ce: wane allo zan saya, RAM nawa ya kamata, wace manhaja zan ɗora? Har yau ba wanda ya tambaye ni ta ina zai ba su wuta. Sai wani bawan Allah da ya turo hoto. Allunan Raspberry Pi biyar a jere kan teburi, kowanne da cajar waya daban, wata baƙa wata fara, ɗaya ma an naɗe kebul ɗinta da salatif, duka an cusa su cikin ekstenshan ɗaya da ke reto daga jikin bango. A ƙasa ya rubuta: "Malam, me ya sa ɗaya yake yawan ɓacewa?"

Amsar tana cikin hoton. Ra'ayina, kuma zan faɗe shi tun daga farko don wanda ba zai karanta har ƙarshe ba: a gungun kwamfutoci na gida, wuta ce aikin farko, ba na ƙarshe ba. Tarin cajojin waya ba tsarin wuta ba ne. In kuma kana inda ake ɗauke wuta kamar yadda ake yi mana, abin da ya fi dacewa da kai shi ne ka raba wutar a 12V daga batir, sannan ka sauke ta zuwa 5V a gefen kowane allo. Akwai waɗanda ba za su yarda da ni ba, kuma suna da hujja, za mu zo kanta.

Ga wanda bai ga rubutun baya ba: gungun kwamfutoci, wanda ake ce wa kulasta, kwamfutoci ne da yawa da aka haɗa da kebul ɗin netwok, ana raba musu aiki ɗaya kowace ta ɗauki nata kaso. Ba sabon abu ba ne. A 1994 Thomas Sterling da Donald Becker suka haɗa kwamfutoci 16 na gama-gari a cibiyar Goddard ta hukumar NASA a Amurka, suka sa masa suna Beowulf, daga nan kowa ya gane ba sai ka mallaki na'urar miliyoyi ba. A 2012, shekarar da Raspberry Pi ya fito, Farfesa Simon Cox na Jami'ar Southampton a Ingila ya haɗa guda 64, aka yi musu gida da tubalan wasan yara na Lego. Yau ɗalibi a ɗakinsa zai iya haɗa huɗu ya koyi abin da manyan kamfanoni ke yi a rumbunan sabarsu. Sai dai su waɗancan a ɗakin gwaji suke, wutarsu ba ta ko ƙiftawa.

To bari mu fara da cajar da ke hannunka yanzu. Juya bayanta, za ka ga ƙananan rubutu da harafin V, da A, da W. V shi ne bolt, ka ɗauke shi kamar ƙarfin turin ruwa daga tankin da ke sama. A shi ne amfiya, yawan ruwan da ke wucewa ta bututu. W kuma wat ne, wato ka ninka na farko da na biyu. Shi kenan lissafin da muke bukata yau.

Raspberry Pi 4, wanda ya fito a 2019, masu shi sun ce a ba shi 5.1V da 3A. Pi 3 yana son 2.5A. Pi 5 na 2023 kuwa cajarsa ta asali tana ba da har 5A, kuma in ka ba shi mai 3A zai yi aiki amma zai taƙaita wutar da yake ba kayan da ka jona a ramukan USB ɗinsa zuwa 600mA. Ka lura da wannan ɗigo ɗaya da ke kan biyar ɗin, 5.1 ba 5 cif ba. Da gangan aka ƙara shi, don an san wani abu zai zube a hanya.

Nan ne mutane suke ruɗewa. Za ka ji mutum ya ce ai cajata 33W ce, ko 65W, ta fi ƙarfin wannan ɗan allon nesa ba kusa ba. Karanta rubutun da kyau. Cajar da ke cika waya da sauri tana kai wannan adadin ne ta hanyar ɗaga bolt, ta koma 9V ko 11V ko 20V bayan sun yi yarjejeniya da wayar. Allonka ba ya wannan cinikin, 5V kawai yake karɓa. A layin 5V ɗin kuwa, sau da yawa abin da aka rubuta 2A ne, in ta yi ƙoƙari 3A. Wannan ma in ta gaskiya ce. Ta jabu, wadda ba ta da nauyi a hannu kamar kwalin ashana, abin da aka rubuta daban, abin da take bayarwa daban.

Kuma akwai bambancin da ba a cika faɗa ba. Waya tana da batir a ciki. In caja ta yi rauni na ɗan lokaci, wayar ba ta ma sani ba, cajin ne kawai zai yi jinkiri. Allon kwamfuta ba shi da wannan ma'ajin. Yana zaune yana cin kamar wat uku, kana tura masa aiki sai ya zabura zuwa shida ko bakwai cikin ƙiftawar ido. In wutar ba ta biyo shi a daidai wannan lokacin ba, bolt ya faɗi. Da zarar ya sauka ƙasa da 4.63V, allon zai gane, ya rage gudun kansa don ya tsira. In faɗuwar ta yi yawa sai ya mutu ya sake tashi. A gungu kuwa, aikin da aka raba huɗu ba ya ƙarewa sai na huɗun ya gama, don haka allo ɗaya mai jin yunwa ya isa ya mayar da sauran ukun 'yan zaman jira.

Ni kaina na sha wannan. Lokacin da na haɗa nawa, guda huɗu, na uku kullum shi ne a baya. Sati biyu ina zargin manhaja. Na goge katin memori na sake ɗorawa har sau uku, na sauya ramin da yake a suwic, har na fara tunanin an sayar mini da allo mai lahani, na shirya komawa shagon da faɗa. Ranar da na rasa yadda zan yi, sai na musanya kebul ɗinsa da na allo na ɗaya. Matsalar ta tashi ta koma kan na ɗaya. Kebul ne fa. Wani dogo mai kyan gani, mai saƙar zare a jiki, wanda na fi so saboda yana isa har kan gado in ina caji.

Bari in nuna maka lissafin, don wannan wurin ya cancanci a tsaya. Kowane kebul yana da zaren jan ƙarfe a ciki, kuma kowane zare yana ɗan tare wuta. Ana auna kaurinsa da lambar AWG, inda babbar lamba ke nufin siriri. Kebul mai araha yakan zo da AWG 28. Mita ɗaya na irinsa, tunda wutar za ta je ta dawo, mita biyu kenan, yana cinye wajen 0.85V in 2A na bi ta ciki. Cire wannan daga 5.1, saura 4.25V. Ka ga ka faɗa ƙasa da layin 4.63 tun kafin a yi maganar bakin soket da ya saki. Kebul mai AWG 20 mai tsawo ɗaya, a wannan nauyin, abin da yake ci bai wuce 0.13V ba. Caja ɗaya, allo ɗaya, sakamako daban. Saboda haka gajere kuma mai kauri, shi ne maganar. Kaurin roba ba shi ne kaurin jan ƙarfe ba, wannan ma a kiyaye.

In kana da allo a gabanka, kada ka yarda da ni kawai. Buɗe tagar umarni ka rubuta vcgencmd get_throttled. In ya ba ka 0x0, lafiya lau. In ka ga 0x50000, wuta ta taɓa gazawa tun da ka kunna shi. In 0x50005 ne, yanzu haka da kake kallo yana cikin yunwa. Wanda ya jona allon kallo zai ga gargaɗi a kusurwa, a tsohuwar manhaja alamar walƙiya ce. Amma 'ya'yan gungu ba su da allon kallo, shi ya sa suke shan wahala shiru. Ƙaramar jar fitilar da ke jikin Pi 3 da Pi 4 ita ma shaida ce: in tana ɗaukewa tana dawowa, wuta ce.

Wani zai ce to in sayi babbar caja mai ramuka shida ko goma mana. Ta fi tarin cajoji kyan gani, ban musa ba, kuma mai kyau tana riƙe Pi 3 huɗu ba matsala. Amma duba abu biyu. Na farko, abin da rami ɗaya ke bayarwa, galibi 2.4A. Na biyu, jimillar duka. Caja mai 60W a 5V, 12A kenan da za a raba, ko ramukanta nawa ne. Sannan akwai halin da sababbin cajoji masu wayo suke da shi: kana soka sabon abu a rami ɗaya, sai su ɗauke wutar sauran na ɗan lokaci don su sake rabon. Waya ba ruwanta. Gungunka kuwa gaba ɗaya zai mutu ya tashi saboda ƙanenka ya shigo ya jona wayarsa.

Haka fawa bank. Na san shi ne abin da ya fara zuwa zuciyar mai waya: in jona shi a caji, in jona allon a jikinsa, in an ɗauke wuta ya ci gaba. Da yawansu ba sa ba da wuta suna karɓa a lokaci guda, waɗanda suke yi ma sukan katse na daƙiƙa ɗaya a lokacin sauyin. Daƙiƙa ɗayan nan ita ce duk abin da muke gudu. Katin memori yana cikin rubutu aka yanke masa wuta, in ka yi sa'a ka rasa fayil ɗaya, in ba ka yi ba allon ya ƙi tashi sam. Ga girman ma: mai 20,000mAh, tunda ƙwayoyin cikinsa 3.7V ne, wat 74 na awa ɗaya ne kacal a ciki, kafin a cire asara.

Yanzu ga hujjar waɗanda ba su yarda da ni ba, kuma ina girmama ta. Sun ce ka saya wa kowane allo cajarsa ta asali, ka samu ekstenshan mai kyau mai fiyus, ka huta. In caja ɗaya ta mutu, allo ɗaya ka rasa, sauran na aiki. Ba ka taɓa tsirarar waya ba, ba ka kama ƙarfen soda ba. Gaskiya ne. In alluna biyu ko uku gare ka, kuma wutar gidanku tsayayya ce ko kana da inbata mai kyau, yi haka, ni ma shi zan ce maka. Wanda bai taɓa riƙe mitar gwajin wuta ba, nan ya kamata ya tsaya.

Matsalata da wannan tsari ita ce, an gina shi a kan cewa soket ɗin bango abin dogaro ne. Mu kuwa mun san halinsa. Yanzu akwai, anjima babu, ta dawo da rauni fitila tana ja kamar garwashi, ko ta dawo da ƙarfi ta tafi da abin da ta samu a jone. Sai a tada janareta, a juya, a sake katsewa. Kowane juyi ɗaya mutuwa ce da tashi ga duk gungun. In ka ce za ka magance da batir da inbata, dubi tafiyar da wutar take yi: batir yana da 12V, inbata ta ɗaga shi zuwa 230V, caja ta sake sauke shi zuwa 5V. Ka hau bene ka sauko don ka shiga ɗakin da ke kusa da kai. Kowace hawa da sauka akwai asara, kuma inbata da yawa, ko ba a jona musu komai ba, suna cin wat goma zuwa ashirin don kawai suna kunne. Gungun Pi 4 huɗu da ƙaramin suwic duka-duka wajen wat 30 suke ci in suna aiki sosai. Ka ga mai rakiya ya kusa cin rabin abincin baƙo.

Shi ya sa na ce a tsaya a 12V. Batir, ko na sola ko wanda caja ke cikawa in wuta ta zo, shi ne uwa. Daga shi waya ta tafi wurin rabo, daga wurin rabo kowane allo ya samu layinsa, a ƙarshen kowane layi kuma a sa ɗan allon da ke sauke 12V zuwa 5V. Masu kayan lantarki suna ce masa bok kwanbata, in ba su gane ba ka ce musu mai sauke sha biyu zuwa biyar. Daga shi zuwa allon kwamfutar, kebul bai kamata ya wuce tsawon tafin hannu ba. A wannan tsarin ba a juyi. Ko an ɗauke ko an kawo, allunan daga batir suke sha, ba su ma san abin da ake ciki a unguwa ba.

Me ya sa ba za a raba a 5V kai tsaye ba? Ana yi. Akwai akwatin wuta na ƙarfe mai ramuka-ramuka, irin wanda masu allon talla na LED ke amfani da shi, yana ba da 5V da amfiya goma sha wani abu ko ashirin, har da ɗan sukurun da za ka murɗa ka kai shi 5.1 ko 5.2. Yana aiki, amma daga bango yake sha, mun koma gidan jiya. Kuma a 5V ba ka da rarar da za ka yi asara, rabin bolt ya zube ka shiga matsala. A 12V kuwa, wat 15 ɗin da ke bukatar 3A ya koma 1.25A kacal, wayar ba ta wahala, in ma rabin bolt ya zube a hanya ɗan allon saukewa zai gyara ya fitar da biyar ɗinsa daidai. Dalilin da ya sa ake kawo wutar gari a manyan layuka masu dubban bolt sai an zo unguwa taransifoma ta sauke, shi ne dai wannan, a ƙaramin sikeli.

Lissafin batir kuma ga shi. Mai 12V 100Ah irin na ruwa ko na jel, a takarda wat 1,200 na awa ɗaya ne. Amma in kana so ya yi rai, rabi za ka ci, 600 kenan. Raba da 30, awa ashirin, cire asarar saukewa, ka ce sha bakwai. Dare guda da rabin yini ba wuta, gungunka bai ƙifta ba. In na lithiyom ne irin LiFePO4, kana iya cin fiye da rabi nesa, kuɗinsa ne dai sai an daure.

Akwai abubuwan da in ka tsallake su, gara ka koma wa cajojin wayarka, don su ɓata rai kawai suke yi, wannan kuwa gobara ce.

Fiyus. Batir in aka haɗa bakinsa biyu yana iya turo ɗaruruwan amfiya, waya ta yi ja ta narke kafin ka miƙe tsaye. Babban fiyus ya zauna dab da kan batir mai alamar tarawa, ba can kusa da alluna ba, domin wayar da ke tsakani ita ake karewa. Sannan kowane layi da nasa ƙarami, 2A ko 3A ya isa a ɓangaren 12V. Fiyus ɗin mota mai ƙafa biyu shi ne daidai, je wurin mai wayarin mota, yana da su har da gidansu na jere. Masu saka kyamarar tsaro ma suna da akwatin rabo mai fiyus a kowane layi, tunaninsu ɗaya da namu. Ko a babban akwatin 5V ɗin can ma dokar ba ta sauya ba: abin da zai iya ba da 18A ba zai ga laifi ba in siririyar waya ɗaya ta ja goma sha biyar tana hayaƙi, a wurinsa aiki ne ya samu.

Na biyu, ɗan allon saukewa da yawa ana murɗa shi ne, kuma daga kwali yakan zo a buɗe, abin da ya shiga kusan shi ke fita. Ka jona shi a Pi ba ka gwada ba, 12V ya shiga inda ake jiran 5, sai dai ka yi masa addu'a. Mita tukuna. Ka saita 5.1, ka ɗora masa nauyi ka sake aunawa, sannan ka ɗiga ɗan gam ko jan farce a kan sukurun kada ya motsa. Shuɗin nan mai araha mai lamba LM2596, an rubuta 3A a kansa, amma in ya wuce 2A yakan yi zafin da ba ka iya taɓawa. Ƙara kuɗi ka ɗauki wanda aka rubuta 5A mai ƙarfen sanyaya, ka bar masa rara. A zafin watan Afrilu, ɗaki mai rufin kwano a Sakkwato ko Maiduguri, duk lambar da aka rubuta a jikin kayan wuta ka rage mata wani abu a zuciyarka.

Na uku, batirin da ake kira 12V ba 12 yake zama ba. Yana caji yakan hau har 14.4. Allon saukewa bai damu ba, amma suwic ko rauta da aka rubuta masa 12V, ba kowanne ke jure wannan ba. In kana shakka, shi ma sa masa mai daidaitawa. Waya kuma ka nemi jan ƙarfe na gaske, 1.5mm ko 2.5mm daga batir zuwa wurin rabo. Kankare bakinta da reza, in cikin ya fito fari, alminiyam ne aka yi wa shafe, ajiye musu kayansu.

Wasu suna shigar da wutar ta allurorin da ke gefen allo, ta 2 da ta 4 su ne 5V, ta 6 ƙasa. Yana aiki kuma yana rage tarkace, sai dai ka tsallake kariyar da ke bakin shigar wuta, kuma 'yan wayoyin gwaji masu launi-launi da ake sokawa a wurin sun yi siriri da ɗaukar 3A. Kuskuren allura ɗaya, allo ya tafi. Ni ta USB nake shiga, ban ga abin da gaggawa za ta ƙara mini ba.

Sai PoE, wato tura wuta ta cikin kebul ɗin netwok. In kuɗi ba matsala ba ne, babu tsarin da ya kai shi tsafta: kebul ɗaya ga kowane allo, shi ne bayanai shi ne wuta, kuma in suwic ɗin mai saiti ne kana kwance da wayarka za ka kashe allon da ya sandare ka sake kunna shi. Wajen 48V yake tafiya, har mita 100. Ƙa'idar 802.3af ta 2003 tana isar da 12.95W ga na'ura, ta 802.3at ta 2009 kuma 25.5W. Amma kowane allo sai ka saya masa hular da ke karɓar wutar, mai ɗan fanka da ke ƙara kamar sauro, sannan suwic ɗin yana da jimillar da ba ya wucewa, ramuka takwas ba ya nufin takwas ɗin duka za su ƙoshi. Ka kuma kiyayi masu tura 24V kai tsaye ba tambaya, irin na eriyar intanet, ba ɗaya suke da na ƙa'ida ba. A ganina PoE na mai ofis ne da ke da tsayayyar wuta. Ɗalibin da ya tara kuɗin alluna da ƙyar, kuɗin huluna huɗu da suwic ya ishe shi batir.

Wanda kuma gungunsa na tsofaffin kwamfutocin tebur ne, 'yan gwanjo, lissafinsa daban. Kowace tana da akwatin wutarta, ba ruwanka da rabo, amma mita ce za ta ba ka labari. Ka ce kowace tana cin wat 50 tana zaune, huɗu 200 kenan, a yini yunit 4.8, a wata 144. Gungun Pi ɗin can a wata bai wuce yunit 22 ba. Arhar da ka samu wurin saye, a katin mita za ka biya ta. In ka kunna su lokaci guda a ƙaramin janareta kuma za ka ji muryarsa ta sauya, don a daƙiƙar farko suna jan fiye da abin da suke ci daga baya, sai a riƙa tashinsu ɗaya bayan ɗaya. Amfani ɗaya da nake gani a matacciyar kwamfutar tebur shi ne akwatin wutarta: ka haɗa koriyar waya da baƙa sai ya tashi, ja 5V ce, rawaya 12V. Na gwaji a kan benci ya yi. Kada dai ka kwance murfinsa, akwai abubuwan da ke riƙe wuta a ciki ko bayan an zare shi daga bango.

Tunda yawancinmu ta waya muke karanta wannan, na san akwai mai tunanin jera tsofaffin wayoyin Android su zama gungu. Ana yi, da manhajar Termux ma za ka fara wasa da shi. A nan matsalar ta juye: batirin da ya cece su daga ɗaukewar wuta shi ne abin tsoro. Tsohon batir da aka bari a caji dare da rana cikin zafi yana kumbura. Ka ga bayan waya ya fara ɗagawa, cire ta daga layi a ranar, kada ka danna, kada ka huda.

Saura abu ɗaya da ko ni ban gyara da wuri ba. Batir ma yana ƙarewa. Kwana biyu ana hadari sola bai samu rana ba, na'urar da ke kula da cajin za ta yanke layin fita don ta ceci batir, kuma ba sallama take yankewa, katin memori ya sake shiga uku. Maganin shi ne gungun ya san halin da batir ke ciki. Ɗan ƙaramin allon auna wuta irin INA219 a jikin shugaban gungun ya isa: in bolt ya sauka zuwa inda ka ƙayyade, kafin inda na'urar ke yankewa, shugaban ya tura wa sauran umarnin su rufe kansu, shi ya bi baya. Mai amfani da UPS mai ramin USB kuma akwai manhajar NUT, aikinta kenan. Wajen tashi a juya: suwic da shugaba su fara, sauran su biyo, musamman in daga wurinsa suke ɗauko fayilolinsu.

Shi kuma ɗan uwanmu mai hoto, na ce masa kada ya sayi komai tukuna. Ya bi allunan biyar ɗaya bayan ɗaya ya rubuta umarnin can, ya turo mini abin da kowanne ya ce, sannan ya ɗauki hoton bayan kowace caja yadda rubutun zai karantu. Ku ma masu gungu ku yi haka, amma ku gwada lokacin da allunan ke tsakiyar aiki, ba suna zaune ba. Ku ajiye lambar da kuka samu a ƙasan wannan rubutu tare da tsawon kebul ɗinku, zan bi in duba daren yau in Allah ya kai mu.